Saitin Daren Baba Virgil

Shekara goma sha tara ina gyaran bindiga a shagon da mahaifina ya bar mini, kuma ba abin da ke ƙona mini rai irin mutum ya shigo zai koya mini aikina. Baba Virgil Stamper kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, don aminin mahaifina ne, shi ya fara ɗora ni a kan doki. Ranar Talatar nan wajen ƙarfe uku na rana ya turo ƙofa, ya lalubi bakin kanta, ya dire jakar fistol ɗinsa.

"Nadine, jabu kika sa mini," ya ce, ko gaisuwa babu. "Saitin daren nan ya mutu murus."

Na zare gidan harsashi, na leƙa na tabbatar ba kome a ciki. Saitin dare ɗigo uku ne, ɗaya a bakin bindiga, biyu a baya, kowanne da ɗan haskensa da ba ya bukatar batir. In ka jera su a duhu, inda suka nuna nan harsashi zai je. Sukan yi shekara goma kafin su dusashe, nasa kuwa ni na sa da hannuna shekara huɗu da suka wuce. Na rufe su da tafin hannu na duba. Suna nan kore shar kamar idon mage.

"Baba, lafiyarsu ƙalau."

"To ni ne maƙaryaci ke nan."

"Ban ce ba. Me likitan ido ya ce?"

"Wannan yaron? Wai yanar ido ce, sai ya yanka. Ya je ya yanka na ubansa."

Na yi dariya, amma iyakarta leɓe. Kowa a garin nan ya san tun bara aka karɓe lasisin tuƙinsa. Ta taga ina hango 'yarsa Twila cikin a-kori-kura, ta kifa kai a sitiyari. Daga aikinta na kamfanin kaji ta ɗauko shi, ko rigar sanyin aiki ba ta cire ba.

Ya matso, ya rage murya. Wani ne ke shiga masa gida, in ji shi, yau sati uku. Kullum kafin gari ya waye zai ji an taɓa ƙofar baya, an zagaya kicin, an fita. Karensa ma ba ya haushi, ɗan banzan ya saye shi da abinci.

"Ka gaya wa 'yan sanda?"

"Su kira Twila, ita kuma ta kwashe ni ta kai gidan tsofaffi? Ce mata na yi goge bindiga na zo." Ya buga yatsa a kanta. "Jiya na jira shi a kujerar falo. Ya shigo, na ɗaga, na nemi ɗigon nan na rasa. Abin da ya cece shi ke nan. Ki sa mini mai haske sosai, yau nake so."

Tsoho mai shekara tamanin da ɗaya, wanda bai ga bakin kanta ba sai da ya laluba, yana so in gyara masa hanyar harbin mutum. In na ce a'a, na san shi, gobe zai sa wani ya kai shi babban shagon bakin titi, cikin minti goma sha biyar su ɗaura masa, ba mai tambayarsa lafiyar idonsa. In na fita na gaya wa Twila, na rasa shi har abada. Haushinsa ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni.

"Zo mu je sito ka gwada," na ce.

A sito nake nuna wa mutane saitin dare, don ba taga. Ina da bindigogin roba shuɗɗa guda uku, kowacce da irin nata saitin, kunamarsu ma ba ta motsi. Abin da na ƙudura shi ne ya gwada duka ya kasa gani, ya yarda da bakinsa cewa ido ne, ni kuma in huta da gardama. Na jawo ƙofa, na kashe fitila.

Ta farko, mai ɗigo uku kore irin nasa, ya ce bai ga kome ba. Ta biyu, mai kore a gaba da rawaya a baya, ya ja tsaki ya ce wasan yara. Na fara jin sanyi a raina. Saura ɗaya, mai ƙaton ɗigo guda a gaba, wanda masu raunin ido ke so. Na so in ce ta lalace, sai dai ƙarya ba ta zauna mini a baki ba, na miƙa masa.

"Yauwa!" ya ce. "Ga shi nan ɓaro-ɓaro! Kin gani ko, 'yar nema? Idona ras yake."

Rabon da in ji shi cikin murna haka tun matarsa na da rai.

Sai ƙofar sito ta buɗe. Hasken shago na bayan mai shigowa, ba ka ganin kome sai tsayin mutum da hular rigar sanyi. Kafin in buɗe baki Baba ya juya, hannu biyu, ba ko rawa, ya ɗora ɗigon a ƙirjin mutumin. Ina jin ƙarar robar lokacin da yatsansa ya matse kunamar.

"Shi ne!" ya ce da ƙarfi. "Tsayin nan, hular nan. Nadine, har nan ya biyo ni!"

"Baba?"

Na kunna fitila. Twila ce, taku uku tsakaninsu, makullin mota a hannunta. Ta gaji da jira ne ta shigo nemanmu. Ta dubi shuɗiyar robar da ke kallon ƙirjinta, ta dube ni.

"Wa ya biyo shi? Wane ne shi ɗin?"

Ni na ba ta amsa. Na ce wani ke shiga masa ta ƙofar baya kafin gari ya waye.

"Ni ce mana," ta ce. "Tun ranar da ka bar gas a kunne. Ka kore ni, ka ce kai ba jariri ba ne, shi ya sa nake biyawa kafin in tafi aiki, in duba murhu, in jera maka magani, in fita."

"Jiya ma?" in ji shi.

"Jiya ma. Na hango ka a kujera, na ɗauka barci ne ya kwashe ka, har da yin sanɗa don kada in tashe ka." Na ga lokacin da abin ya iso mata, ta dafa bango. "Baba, me ke hannunka jiya?"

Ya sauke robar a hankali, yana kallon ɗigon da yanzu ba ya wani haske a ƙarƙashin fitila.

"Nadine," ya ce can ƙasa, "akwai irin wanda ke nuna fuska?"

"Babu, Baba. Ba a yi shi ba."

Muka fito. Jakar fistol na nan a kan kanta inda ya dire ta. Ya lalubo ta, na yi zaton ɗauka zai yi, har na shirya yin faɗan da ban taɓa yi da shi ba. Sai ya tura ta gabana, ya saki. Twila na kuka ba sauti, tana share ido da bakin rigarta mai warin kaji. Ya kama hannun rigar, abin da bai taɓa yarda ya yi a gaban mutane ba, ta ja shi zuwa ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya.

"Gobe in kin zo," ya ce mata, "ki kira ni tun daga waje. Muryarki dai har yanzu ina gane ta."