Amfulin Nasiru da Kaset ɗin Gwaggo Hindu

Nasiru mai ɗaukar waƙoƙin biki a Mayahi ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma son a gani ya yi masa katutu. Ranar da ya je Tasawa sayen kayan aiki, mai kantin, Rayyanu, ya ajiye masa abu biyu. Ɗaya kart-son ce, ƴar akwati baƙa mai shigar da sauti tsaf cikin ordinatar, wato kwamfuta. Ɗayan amfuli ne mai fitilu ja da kore, mai ƙara ƙarfin sauti a kaske, abin sauraron nan da ake ɗorawa a kunne. Rayyanu ya ce masa ramin makirfon ordinatar tasa ya gaji, duk abin da ya shiga ta nan da ƙara yake shiga, amfuli kuwa abin da aka ba shi yake kumburawa, mai kyau ko maras kyau. Ina! Gogan naka idonsa na kan fitilun. Ya ce kunne ƙarfi yake so, ya rungumi amfuli ya hau mota.

Ana nan sai ga Gwaggo Hindu, yayar mahaifinsa, ta taso tun daga Isawan a motar kasuwa. Ta kwance bakin zane ta fiddo kaset naɗe cikin tsumma. Ɗanta na fari, Mahmudu, shi ya aiko da shi daga Libiya lokacin da masu tafiya ke aiko da gaisuwa a kaset, kuma a can ya rasu. Rediyon gidansu ta mutu tuntuni, kunnenta ma ya yi nauyi. Ta ji an ce Nasiru na da abin da ke kai magana har cikin kai. Ba ta kama sunan Mahmudu ba, don uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Cewa kawai ta yi tana son ta sake jin yaron nan kafin ta bi shi.

Nasiru ya bugi ƙirji ya ce ta je gida ta huta wajen matarsa, ta dawo bayan la'asar. Ya aro tsohuwar rediyo mai kaset, ya raba waya biyu, ɗaya ta shiga amfuli, ɗaya ta shiga ramin nan da aka gargaɗe shi a kai. Ya ɗora kaske, sai ga muryar taubashinsa rangaɗaɗau, yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har yana tambayar jar saniya ko ta haihu. Nasiru ya yi ta gyaɗa kai yana yaba amfulinsa, bai ko leƙa abin da ordinatar ke ɗauka ba. Dab da ƙarshe rediyon ta yi wani gurnani ta cinye zaren kaset ɗin. Zafin shekaru ya riga ya gasa shi, da ya ja sai ya yi ta tsinkewa yana marmashewa a hannunsa.

Ya ce ba komai, ai ya ɗauka. Ya kunna abin da ya ɗauka. Shuuu kawai kake ji, da wata murya can ƙasa kamar mai magana cikin rijiya, ko kalma ɗaya ba ta fita. Ya murɗa amfuli, shuuu ɗin ta ƙaru. Ya kira Rayyanu a waya, shi kuwa ya ce abin da bai shiga ba babu injin da zai fiddo shi. Kunya ta rufe Nasiru.

Gwaggo ta zo a kan lokaci, har da canza mayafi. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga yadda take gyara zama a tabarma, sai ya fasa. Ya ɗora mata kaske bisa kallabi, ya kunna, ya sunkuyar da kai yana jiran ta cire ta jefe shi da shi. Da ta yi hakan ma da ya fi masa sauƙi.

Ba ta cire ba. Ta saurara har ƙarshe, hannayenta dafe da kunnuwa, tana matse abin don kada wani abu ya kuɓuce mata. Da ya ƙare ta sauke a hankali, ta sa masa albarka, ta ce da can a rediyo ba ta taɓa jin wurin da yaron nan ya zauna sosai haka ba.

"Ashe cikin irin wannan iska ya zamna, Nasiru," in ji ta. "Shi ko bai taɓa hwaɗi ba, kullum sai ya ce lahiya lau."

Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa masa kaske ta ce ya sake sa mata daga farko. Nasiru ya sa hannu ya kunna.