An Kai Khairiyya Gidan Gaskiya

Rumfata da ta Nneka jikin juna suke a Kasuwar Sabon Gari, langa-langa ɗaya ne ya raba mu. Ni Gumsu turaren wuta da humra nake sayarwa, sana'ar da kakata ta zo da ita Fagge daga Borno. Ita kuwa busasshen kifi da agushi da manja. Duk wanda ya haɗa mu maƙwabtaka bai tausaya wa hancin kowa ba. Shekara da shekaru ina ce mata kifinta ya kore mini amare, ita tana cewa hayaƙina ya sa kifinta ƙamshin ɗakin biki, ba mai son sa a miya. A haka muka yi furfura, kuma ranar da ɗaya ba ta fito ba, ɗayar ba ta iya cin abincin rana.

'Yarta Chiamaka a rumfata ta yi rarrafe. Uban ya rasu tana goye, uwar tana fama da masu ciniki, sai yarinyar ta riƙa zagayowa wajena tana jan bakin lafayata. Harshena ya kasa juya sunanta, na sa mata Khairiyya, sunan ya bi ta har layin mahauta. Ta tashi da Hausa a bakinta tas, ta fi 'ya'yan cikina da suke haɗa ta da Turanci kamar kwaɗo. Uwar kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, Hausarta ta ciniki ce. Ta san gaisuwa, ta san albarka, ta san zagin ɗan dako, namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai. Bayan wannan sai dai a yi da hannu.

Khairiyya ta yi karatun jinya ta gama. Cocinsu sun daɗe suna tara baiko, wato kuɗin sadakarsu, da buhunan tufafi da magunguna suna aikawa ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, suna kuma tura matasansu Jos a koya musu shugabanci da aikin bishara. Ta je ta yi wasu watanni, ta dawo da maganar da ta hana uwarta barci. Wai akwai wani sansanin 'yan gudun hijira a Chadi, can kusa da iyakar Sudan, kuma cikin waɗanda suka gudo akwai Hausawa, jikokin mutanen da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a hanya. Ma'aikatan wurin ba mai jin abin da suke faɗa. Mace tana naƙuda ba ta iya cewa ga inda ke mata ciwo. Cocin na neman nas mai Hausa, ita kuma ta ɗaga hannu.

Nneka ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina yi mata magana, daga baya ta sayi sabon leshi ta je coci aka sa wa yarinyar hannu a ka, aka yi mata addu'a gaban jama'a. Ni ma ban so ba, kuma na faɗa wa Khairiyya. Na ce marasa lafiyar Kano sun ƙare ne? Ta yi dariya ta ce, Inna, ke kika koya mini Hausar, yanzu kuma kina so in ajiye ta a akwati. Ranar tafiyar na tsaya a bakin ƙofar cocin, na miƙa mata lafaya biyu saboda rana, na juya da sauri kada a ga Babarbariya na hawaye a titi.

Ta shekara tana can. Takan bugo waya in ta sami sabis, ta ba mu labarin wata tsohuwa, Inna Jawahir, da ta riƙe ta kamar jika, tana ajiye mata kunu, tana yi mata faɗa in ba ta ci ba. Nneka takan yi kishi ta ce wannan yarinya ta tara iyaye, ta manta ina ne gidanta.

Da damina ta faɗi, amai da gudawa ya shiga sansanin. Sai wayar ta ɗauke. Fasto Celestine, shugaban cocinsu, ya zo rumfa da kansa ya ce Khairiyya ma ta kamu, amma ana kula da ita, kuma da zarar ta iya zama a mota za a dawo da ita gida. Daga ranar Nneka ba ta da wata magana sai wannan. Ta sa aka yi wa ɗakin yarinyar fenti. Wayarta na cikin rigarta, ko tana auna manja hannu ɗaya na kanta. Mota ta tsaya a bakin layi sai ta miƙe. Abin da take jira ke nan, a dawo mata da 'yarta, ko da ƙashi da fata ce ita ta san yadda za ta mayar da ita mutum.

Wata Talata da hantsi ina jera kwalabe, sai ga ta ta faɗo rumfata, ɗankwali a hannu, fuskar nan kamar an ba ta kujerar Makka. Ta kama kafaɗuna tana girgizawa.

"Hajiya, an kira. Tsohuwan nan, da wayan Chiamaka. Ya ce sun kai shi gida."

Na ce wane gida?

"Gidan gaskiya. Haka ya ce, mun kai Khairiyya gidanta na gaskiya. Sai layi ya yanke. To ina ne gidanta na gaskiya in ba nan ba? Ba tanti ba, ba Chadi ba. Sabon Gari. Yana hanya, Hajiya."

Kwalbar da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye ta ba. Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san gidan gaskiya ɗaya ne, kuma ba a dawowa daga can. Tsohuwar ta zaɓi kalma mafi taushi da ta sani don ta sassauta wa uwa, ba ta san da wadda take magana ba. Na dubi Nneka tana lissafa abin da za ta dafa, miyar ganye da kan akuya.

Abin da na iya kawai shi ne na ce mata ta yi shiru da zancen, kada ta faɗa wa kowa, bakin mutane ba shi da kyau ga matafiyi. Ta ce gaskiya ne. Na ce zan je in karɓo saƙo in dawo, ta duba mini rumfa. Na ja lafaya na nufi cocinsu, ina tafe ina roƙon Allah ya sa kunnenta ne ya ji ba daidai ba.

Na sami Fasto Celestine a ofishinsa na bayan coci, zaune tsakanin buhunan kayan agaji da ba a kai ga aikawa ba. Ganin idonsa ya ishe ni amsa. Tun jiya ya sani. An binne ta a ranar, saboda irin wannan ciwon ba a ajiye gawa, balle a ɗauko ta zuwa wata ƙasa. Na tambaye shi me yake jira, uwar tana can tana shirin yanka akuya. Ya ce a al'adarsu ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗa tana ita kaɗai. Sai namiji na jininta ya zo, sai matan zumuntar coci sun kewaye ta, sannan babba ya buɗe baki. Ya kira ɗanta Tochukwu daga Onitsha, yana cikin mota, gobe da safe zai iso. Ya roƙe ni in riƙe bakina zuwa goben.

Na zo da faɗa cike da cikina, kuma na fara sauke shi. Na ce kun ɗauki 'ya mace ɗaya tilo ta matar da mijinta ya rasu kun aika inda ku ba ku je ba, yanzu ko gawarta ba za ku iya kawowa ba. Bai kare kansa ba. Ya ce shi ya yi mata baftisma, shi ya ɗora mata hannu ranar tafiya, kuma tun jiya yake tambayar Ubangiji ko shi ya aike ta ko kuwa son a ce cocinsu ma na da mutum a can ne. Sai ya rufe fuska da tafin hannu, ƙaton mutum, kafaɗunsa na rawa. Faɗan nawa ya rasa inda zai sauka. Na ce masa ya tara matan nasa yanzu, maganar nan ba za ta kai gobe ba, domin kasuwa cike take da masu jin Hausa.

Na san Nneka. Farin ciki ba ya zama a cikinta, kamar ruwa a kwando. Na dawo da sauri har ina tuntuɓe, amma ta riga ni. Ta bar rumfunan biyu ta tafi layin mahauta wajen Malam Abdulrauf, wanda ya san Khairiyya tun tana zuwa karɓar tsoka a takarda. Ta ce ya zaɓo mata kan akuya mai kyau, an kai Khairiyya gidan gaskiya. Shi ya ba ni labarin daga baya, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Ya ce wuƙar ce ta faɗi daga hannunsa, ya yi salati, na kusa da shi suka ɗauka, kafin ka ce me layin gaba ɗaya ya miƙe ana Allah ya ba ki haƙuri, Madam. Ita tana tsaye a tsakiya da murmushinta, tana duban wannan tana duban wancan.

Na same ta a rumfata, ba a tata ba, zaune a kan tabarmar da nake sallah. Ba ta kuka. Ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, kai ba ka taɓa cuce ni a magana ba. Ina ne gidan gaskiya?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita, na kama hannayenta biyu masu ƙanshin manja. Na tuna roƙon Fasto, na tuna Tochukwu a mota, na ga babu ɗayansu da zai amsa mata wannan tambayar yanzu.

Na ce, "Kabari ne, Maman Khairiyya. Ta rasu. Sun binne ta a can."

Na ɗauka za ta yi ihu. Sai ta gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa mata farashin da ta riga ta sani. Ta tambaya ko za a kawo ta a sa ta kusa da ubanta a ƙauye, na ce ba za a iya ba. Nan ne jikinta ya saki, ta kwanto a cinyata, wani irin nishi na fita daga ƙirjinta wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Na yi kuka har na daina gani. Baƙin cikin ranar nan, ko na mutuwar mahaifiyata bai kai shi ba.

Matan cocin suka fara isowa, suka cika ƙofar rumfa, wasu na waƙa ƙasa-ƙasa. Can sai Nneka ta tashi zaune, ta zaro wayar daga rigarta ta miƙo mini. Ta ce in kira tsohuwar, in tambaye ta da Hausa mai kyau, ko akwai wani kusa da yarinyar a lokacin, ko ta bar wata magana.

Sai da muka yi ta gwadawa kafin kiran ya shiga. Na buɗe muryar yadda kowa zai ji. Inna Jawahir tana da Hausa irin ta mutanen da, mai nauyi, da Larabci a gefenta. Ta yi mana gaisuwa, ta ce an hana kowa shiga tantin masu ciwon amma ita ta ƙi fita, ta ce su kashe ta in sun ga dama. Kan Khairiyya a cinyarta yake har ƙarshe. Ta ce yarinyar nan ta karɓi haihuwar jikokinta biyu, ta zama bakinsu a wurin da ba su da baki, kuma ranar da aka kai ta, Musulmi da Kirista ba wanda ya zauna a tanti.

Na juya wa Nneka abin da ta faɗa, tana gyaɗa kai. Sannan na yi tambaya ta biyu.

Tsohuwar ta amsa mini. Ta ce wasiyya dai babu, domin da zazzaɓin ya yi ƙarfi Hausar ta gudu daga bakinta, ta koma wani yare da ba wanda ya sani a cikinsu. Amma akwai tambaya ɗaya da ta yi ta yi, ita ce kaɗai suka gane.

"Tana ta cewa, ina ne, ina ne. Nne, nne, haka take faɗa, harshen ya yi nauyi. Ni kuwa ina ta ba ta amsa, ina cewa nan ne sansani, 'yata, kina tanti, kina Chadi. Ba ta daina tambaya ba har ta cika."

Waƙar da ke bakin ƙofa ta tsaya. Wannan karon ba wanda ya jira in fassara, ni ce ma na tsaya ina duban fuskokinsu. Wata dattijuwa cikin matan ta sunkuyo ta faɗa mini a kunne cewa a yarensu nne uwa ce.

Nneka ta karɓi wayar daga hannuna, ta riƙe ta da hannu biyu dab da bakinta. Ta yi ƙoƙarin haɗa Hausar da za ta ishe ta.

"Mama, ba tambaya yake yi ba," ta ce. "Ni yake kira."