La'asar Ɗin Malama Zinariya

Ƙafar bijimin sa ce ta fara zuwa, a naɗe cikin takardar siminti, tare da gaisuwar Baballe, babban mahauci. Malama Zinariya ta karɓa ta yi godiya, nan ta yi kuskure. Washegari da la'asar sai ga 'ya'yansa uku a ƙofar ɗakinta, rungume da littattafai. Ta ci naman da ubansu ya aiko, da wane baki za ta kore su? Kafin wata ya mutu sun zama ashirin, har da na maƙwabta.

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ce, unguwar Agege ta juye 'ya'yanta a makaranta. Yara saba'in da huɗu ne a ajinta, tun safe har azahar. La'asar zuwa magariba kaɗai ne nata, a nan take karatun jarrabawar malanta, saura sati uku. Hedimasta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ta faɗi, ajin zai koma hannun mai takardar shaida.

Mayar da kyauta cin fuska ne, ta sani. Don haka ranar Talata ta yafa gyale, ta tasa yaran a gaba, sai mayanka.

An wanke daɓe tas. Baballe yana kishingiɗe a rumfa, rediyo a ƙirji. Suka gaisa.

"Alhaji, sa nake so a yanka mini yanzu."

Ya tashi zaune. "Yanzu, Malama? Wa yake yanka da la'asar? Tun asuba muke tsaye, wuƙaƙe sun koma kube. Ko wane ne sai gobe."

"Ni ma tun safe nake tsaye, Alhaji. Da azahar nake goge allona."

Ya dubi yaran da suka yi cirko-cirko, ya dube ta. Kunya ta kama shi, ya rufe ta da dariya.

"Kin kama ni, 'yar nan. Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Da namanka a bakina? Jarrabawa ce a gabana. In na faɗi, ko da safe ba za su same ni ba."

Dariyar ta tsaya. Ya juya wajen yaran. "Duk wanda ya taka ƙofar Malama bayan azahar, ni da shi ne."

Ta koma gida ita kaɗai, tana sauri. Shafi goma sha ɗaya ta karanta kafin a kira magariba.