Mazubar Inna Sahura

Shekara arba'in Inna Sahura tana ba ƴaƴanta labarin Mazuba, shekara arba'in suna yi mata dariya. Mazuba, in ji ta, wani dutse ne a bayan ƙauyensu na ƙasar Tibiri, inda ruwa ke faɗowa daga sama, tsawonsa ya kai giginya, ya taru ya yi tabki a ƙasa, ƴan mata na wanka suna ihu. Su kuwa ƴaƴan a Yamai aka haife su. Abin da suka sani na Arewa, ƙasar uwarsu, bai wuce gero da yashi da rijiya mai zurfin tsiya ba. Da ta ɗauko zancen sai babban ɗanta Abdulwahid ya ce, "To, an kunna rediyon Inna." Abin yana cin ranta ƙwarai, don mace ce da ba ta taɓa yi musu ƙarya ba, ko irin ta lallashin yaro ya sha magani.

Bana aka maido ɗiyarta Firdausi, wadda ungozoma ce, aiki Dogon Dutsi, Inna ta tattara ta biyo ta. Da bakansin damina ya zo, wato hutun makaranta, Abdulwahid ya iso daga Yamai da ƴaƴansa biyu. Ko hutawa bai gama ba Inna ta sa shi gaba: ga mota, ga damina, sai an je Mazuba kowa ya gani da idonsa. Ya yi ta kawo uzuri, ta yi ta rushewa, har ya gaji ya ce ran Asabar.

Aka soya zabbi huɗu, aka kwaɗa kopto, wato dafaffen ganye, da ƙuli-ƙuli, aka cika bido biyu da ruwa, aka naɗe tabarmi da kayan shayi. A Kore Mairuwa suka bar kwalta suka shiga hanyar yashi tsakanin gonakin gero da ya fara bunni. Inna na gaba tana nuna hanya da hannu, bakinta bai huta ba: ga tsamiyar da suke ajiye tulu, ga inda wance ta faɗi ta fasa haƙori. Jikokin sun riga sun tuɓe riguna tun a mota.

Suka isa rana ta kusa tsaka. Dutsen yana nan, ja, dogo, yadda ta faɗa. Ruwa ne dai babu ko na wanke ido. Wani ƙadangare ne kaɗai a wurin da ta ce ruwan ke zubowa, yana gyaɗa musu kai.

Abdulwahid ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Inna, ko an ɗauke hwamhwon ne? Mu jira a maido?"

Firdausi ta danne dariya har ta ƙware. Ƙaramar jikar ta ja zanen kakarta ta ce, "Kaka, ina ruwan?" Wannan tambayar ta fi duk tsiyar ubanta zafi. Kunya ta kama Inna, irin wadda ke sa tsoho ya rasa inda zai sa idonsa.

Tunda an riga an zo, sai a ci abinci. Mutanen birni kuwa, da suka duba suka ga wuri mafi daɗi shi ne gindin dutsen kansa, ga inuwa, ga farin yashi mai laushi kamar an tankaɗe, nan suka baza tabarmi. Abdulwahid ya cire takalma ya hura gawayi ya ɗora buta. Inna ta koma gefe ta zauna kan wani dutse, cinyar zabo a hannu ta kasa kai ta baki.

Tana nan zaune sai ta hangi wani makiyayi, dattijo mai malfa, yana kora shanunsa daga cikin kwarin zuwa tudu. Rana na tsaka, ciyawa ta fi yawa a ƙasa, amma ga shi yana haura su sama da hanzari. Ta tashi ta nufe shi, suka gaisa, ya ce sunansa Abdussalamu.

"Malam, mi ya sa kake hidda su?"

"Hajiya, an yi ruwa bisa hwako can gabas, tun asuba har hantsi. Kahin la'asar shina nan tahe. Waɗancan naki na? Ki ce su tashi daga nan."

Sai a lokacin abin ya dawo mata. Ai su ma da suna ƴan mata ba kullum suke zuwa ba. Sai sun ga Fulani na hawo da shanu tudu, nan za su yar da tulu su ruga. Mazuba ba ta zuba sai an yi ruwa a kan fako, ta yi yini ɗaya ko rabi ta ɗauke. Shekara arba'in tana ba da labarin ruwan, ba ta taɓa ba da labarin jiran ba, har ita kanta ta manta da shi.

Ta dawo da sauri irin wanda gwiwoyinta suka daɗe ba su yi ba. "Ku kwashe tabarmin ga ku hau tudu. Yanzu-yanzu."

Abdulwahid ya ɗaga kai ya dubi sama, fes, ko ɗigon hadari babu. Ya zaro portabul, wayarsa ta hannu, ya duba hasashen yanayi. "Inna, meteyo ta ce babu ruwa yau."

"Meteyo ba ta kiwon shanu," in ji Inna. Ta kama hannun jikokinta, ɗaya dama ɗaya hagu, ta yi sama da su. Firdausi ta naɗe tabarma guda ta bi ta, don girmamawa dai, ba don ta yarda ba. Abdulwahid ya ce shi sai ya sha shayi na biyu, ya gyara kishingiɗa.

Bai kai ga na biyun ba. Da fari wata iska mai sanyi ce ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai wani gunji daga nesa kamar babbar mota na hawan tudu. Ganyen sabara da ƙirare suka fara zubowa daga kan dutsen, sannan ruwa ya biyo, ja wur, da ƙarar da ta sa shanun Abdussalamu suka ɗaga kai. Abdulwahid, babban ma'aikacin ofis, ya yi tsalle ɗaya, ya fizgi butar shayi, ita kaɗai Allah ya ba shi ikon tunawa, ya haura tudu da rarrafe yana salati. Tukunyar zabbi ta yi juyi biyu ta kama hanya, takalmansa suka rufa mata baya.

Yara suka yi ta tsalle suna ihu. Firdausi ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Abdulwahid ya tsaya ba takalmi, wando jiƙe, baki buɗe, buta na tiriri a hannunsa. "La'ilaha illallahu. Inna! Inna, dubi!"

"Ni ka cewa in duba?" in ji ta.

Abdussalamu ya ce kada kowa ya sauka sai ruwan ya huce. Suka jira. Can bayan la'asar ja ya ragu, ruwan ya yi haske, yana saukowa fari daga sama, tabki ya kwanta a inda tabarmi suke ɗazu. Aka bar yara suka shiga baki-baki. Inna ta ɗaure zanenta tamau, ta taka a hankali har ruwa ya kai mata gwiwa, feshin yana jiƙa mata fuska. Daɗi ya cika ta har ta ji hawaye, ba ta kuma ɓoye su ba.

Firdausi ta biyo ta cikin ruwan, Abdulwahid na bayanta kansa a sunkuye. "Inna, mun yi miki laihi," in ji Firdausi. "Ki yahe muna."

Inna ta juyo ta ce, "Dariyarku ba ta taɓa hana ni barci ba. Amma ɗazu, da nig ga dutsin ga a bushe, ni ma sai na yarda da ku. Nic ce ko dai ban taɓa zama yarinya a nan ba."

Ta miƙa wa Abdulwahid hannu, ya kama da sauri.

"Riƙe ni da kyau," ta ce. "Har ƙarƙashinshi nika son zuwa."