Ɗakin Baya da Faranti Arba'in

Mijin yayata bai taɓa buɗe baki ya ce in bar masa gida ba. Shi mai ilimi ne, sai dai ya yi lacca.

"Injiniya, ka san wannan?"

Ya ajiye wani ɓallin dutse kusa da kofin shayina. Injiniya yake ce mini tun da na yi sati uku a shagon gyaran waya. Kafin nan na yi wankin mota, na yi gadi, na bi wata motar kaya sau biyu. Makaranta kuwa a aji huɗu na sakandare muka rabu, kuma ba wanda ya yi kewar wani. Shekarata biyu ke nan a ɗakin bayan gidansu, kuma in aka kore ni daga nan ban da inda zan shimfiɗa tabarma.

Na duba dutsen. Wani ɓawo ne toka-toka manne a jikinsa, irin wanda ke fitowa a tsohuwar katanga.

"Datti ne, Dakta."

"Shekara tara ina binciken dattin nan." Ya gyara tabarau. "Halitta biyu ce a haɗe. Fumfuna, 'yar'uwar wadda ke ɓata burodi, da gansakuka, koren nan na bakin kwata. Fumfuna ta gina gida, gansakuka ta zauna ciki tana haɗa abinci da hasken rana. Kowa da abin da ya kawo." Ya kalle ni ta saman tabarau. "Kowa, Injiniya."

"Dakta, ka bar Auta ya karya mana," in ji Yaya daga kicin.

"Bayani nake masa."

Bayanin bai ƙare ba sai da shayina ya huce. Wai kowace cikinsu tana da ƙwayoyin gado a jikinta, wasu a farke, wasu suna barci. Ranar da suka haɗu, masu barcin sai su tashi. Na fumfuna su koya mata yadda za ta rungume gansakuka ba tare da ta cinye ta ba, na gansakuka su sa ta saki sukarin da ta haɗa. Shi burinsa ya kama su a daidai wannan lokacin, ya karanta waɗanne ne suka farka. To a dutse da katanga haɗuwa suke yi ba mai gayyatarsu. A farantin Dakta kuwa shekara huɗu yana ajiye su gefe da gefe, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya.

"Littattafai sun ce sai sun ji yunwa suke neman juna," ya ce. "Ina ba su yunwa, daidai gwargwado."

Na san yunwar Dakta. Ita ce wadda yake ji in an yi latin abincin rana da minti goma.

Sai ga ainihin laccar. Ana gyaran rufin wurin aikinsu, don haka farantansa arba'in za su dawo gida. Ɗakin baya ne ya fi dacewa da su. Shi zai tafi taro na sati uku, ni zan kula da su, in ya dawo kuma ɗakin ya zama nasu su kaɗai.

"Kafin nan ai ka samu wuri. Mutum mai sana'o'i da yawa kamarka."

Washegari aka kafa kanta a saman katifata. Faranti arba'in na gilashi, kowane da murfi, kowane da ɓallin tayil na daɓen ɗaki a ciki, da ɗigon farar fumfuna da ɗigon koriyar gansakuka a kai. Aka rataya musu doguwar fitila. A bango ya manna takarda: ƙarfe bakwai a kunna fitila, ƙarfe bakwai na yamma a kashe, a zuba cokali biyu na ruwa a tiren da ke ƙarƙashinsu, kada a buɗe taga. Ni da na shekara biyu a ɗakin ba a taɓa tambayata ko iska na damuna ba.

Kwana biyu na bi takardar. Rana ta uku wayata ta mutu, soket kuma ɗaya ne a ɗakin. Na cire fitilar. Don kada a ce na zalunce su, na kwashe farantan na jera a bakin taga, na buɗe ta, tunda dai rana ma fitila ce. Sai wani abokina ya ce ana neman masu sauke siminti a wani gini. Na tafi kwana huɗu. Da na dawo tiren ya bushe ƙayau, sai na rama musu da rabin bokiti. Daga nan ban san lissafi ba. In na tuna in zuba, in na manta shi ke nan. Su za su gaje ni, ban ga dalilin da zan yi musu hidima kamar amare ba.

Ana gobe zai dawo na mai da su kanta, na kunna fitila, na ɗaure kayana a buhu.

Ko takalmi bai cire ba ya wuce ɗakin baya da madubinsa mai ƙara girman abu. Na tsaya a ƙofa da buhuna. Ya sa faranti na farko, ya leƙa. Ya daɗe. Ya sa na biyu. A na biyar ya zauna a kan katifata, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan bai tsaya ba sai da ya duba na arba'in.

"Sun haɗu," ya ce. "Zo ka gani. Ga zaren fumfuna ya naɗe gansakuka. Talatin da ɗaya cikin arba'in! Na san tsarina zai yi aiki."

"Tsarinka?" Yaya ce a bayana, da tsintsiya a hannu. "Wanda ya yi sati biyu a bakin taga tsuntsaye na leƙa shi?"

Na so ƙasa ta tsage. Dakta ya juyo a hankali. Na ɗaga buhu, don na san in ashar zai fara gara ya same ni a tsaye.

"Ajiye buhun nan," ya ce. Ya zaro biro. "Wace rana ka cire fitilar?"

"Talata. Ko Laraba."

"Wacce?"

"Ranar da wayata ta mutu."

"Ruwa fa? Nawa ka zuba?"

"Rabin bokiti."

"Wane bokiti?"

"Wanda ya fashe."

Ya dafe kai. Ashe a sana'arsu abu in ya faru sau ɗaya bai faru ba. Sai an maimaita, an rubuta yadda aka yi, wani a wata ƙasa ya gwada ya samu. Ya tura talatin da ɗayan nan aka karanta ƙwayoyin gadonsu, amma ba mai karɓar sakamakon sai da bayanin hanya. Hanyar kuwa tana kaina, kaina kuma ba ya riƙe ranaku.

Sati guda yana yi mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Ya haɗa sabuwar takarda: kwana biyu kulawa, kwana huɗu ƙishi, rabin bokiti, taga a buɗe. Ya bi ta da kansa, da agogo a hannu. Faranti arba'in, ko ɗaya bai haɗu ba. Sakacinsa ma tsari gare shi.

Ranar da ya gama dubawa ya same ni a tsakar gida ina wanke takalmi.

"Ƙanena," ya ce. Na waiga in ga da wa yake. "Ɗakin nan ai naka ne. Wa ya ce ka tashi? Zan sa a ƙara maka soket."

"A'a, Dakta. In aka ƙara soket ai ba zan cire fitila ba."

"Gaskiya ne. Kada a ƙara."

Ya yage takardar bangon da hannunsa, ya kawo sababbin faranti, ya kuma ajiye wani ƙaramin akwati da ke rubuta zafi da laimar ɗakin da kansa. Ya ce in yi yadda na saba kawai, kada in yi tunani. A rahotonsa an kira ni "tsarin shayarwa marar ƙa'ida". Shi ne muƙami mafi tsawo da na taɓa riƙewa.

Da safe wajen shayi ya sake ɗauko dutsensa, wannan karon da fara'a.

"Ka gani ko? Ni na kawo gida, kai ka kawo..." Ya tsaya neman kalma.

Yaya ta dire faranti a gabansa, ta dire wani a gabana.

"Fumfuna biyu dai," ta ce. "Gansakukar gidan nan tun asuba take tsaye a kicin, ba wanda ya taɓa leƙa ta da madubi. Ku ci ku ba ni kwanukana."

Ɗaki dai na samu. Matsalar ɗaya ce. Tun da aka ce mantuwa ce aikina, kullum ƙarfe bakwai daidai nake farkawa, farantan nan ne farkon abin da ke faɗo mini a rai. Jiya har na kama kaina da cokali a hannu. Dakta bai sani ba tukuna.