Hutuna Ya Tsufa a Kamfani

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Na gan ni a kamfanin sukarin da nake aiki, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake tashi, kowa ya juya lemarsa yana kare ƙafafunsa. Aka miƙo mini albashina, ƙanƙara ce. Kafin in kai bakin ƙofa ta narke.

Na wuce ofishin jin daɗin ma'aikata, domin an aiko mini daga Ringim cewa jikin Innata ya yi zafi. Wata tsohuwar zabuwa ce a kan kujera, da tabarau a hanci.

"Ranki ya daɗe, hutu nake nema in je in duba mahaifiyata."

"Malam Ilu, ai kullum albashi kake kallo," ta ce. "Sauran haƙƙoƙinka suna bayan gida, sun gaji da jira."

Sai ga mu a bayan gida. Asibitin da kamfani ke biya wa iyalina yana ɗaure a turke, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Kwas ɗin ƙaro ilimi da aka ware mini kuwa gara ta cinye shi, saura hularsa. A kan benci wani dattijo yake zaune yana gyangyaɗi.

"Wannan fa?"

"Hutunka ne. Yana yaro aka kawo shi."

Dattijon ya ɗago kai ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa. "Duk shekara ina wanka in sa kaya in jira ka," ya ce. "Mu je, ko da yake gwiwoyina sun tafi."

Na goya shi, na ja asibitin da igiya. Motar kamfani ta tsaya mana, amma da baya take tafiya, duk gudun da direba ya ƙara sai Ringim ta ƙara nisa. Muka sauka muka bi ƙafa. A bakin wani rafi asibitin ya kwanta, ya ƙi tashi. Dattijon kuma sai raguwar nauyi yake yi a bayana, har na daina jin numfashinsa a wuyana.

Na iske Inna a tsakar gida tana ninke tabarmarta. Zanen tafiya ne a jikinta.

"Ilu, sun bar ka ka zo?"

"Sun bar ni, Inna. Ga hutuna na kawo, kwana zan yi."

Na kunce goyon. Riga ce kawai da carbi.

Ta shafa kaina kamar lokacin da nake ƙarami. "Ba komai," ta ce. "Ni ma fita zan yi. Ka rufe ƙofa idan za ka koma aiki."

Na buɗe baki in ce ta dakata, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni.