Ƙarƙashin Zanin Lamduwan

Ranar Litinin likitoci suka zura wa Tongsuk allura ta saman cibiya har cikin hanta, suka zuba masa wata ƙwayar cuta da suka horar. Likita Wanida ta yi masa bayani dalla-dalla. Ƙwayar 'yar aike ce, za ta kai saƙo cikin ciwon dajin da ke cin hantarsa, amma saƙon ba zai yi aiki sosai ba sai hasken na'ura ya sauka a wurin. Ranar Alhamis za a haska.

Ya ce to. Da ya dawo gida kuwa, ko loma ɗaya ta shinkafa ta ƙi wuce masa.

Abin da ya tsinka masa zuciya yana nan a haƙarƙarinsa na dama, daidai saitin hantar: rubutun tsari da wani malamin ibada ya tsaga masa da allura da tawada tun yana saurayi. Wuƙa ta taɓa zamewa a kai a kasuwar ɓauna, ko ƙwarzane bai samu ba. To abin da ya hana ƙarfe shiga, haske ne zai bari? Ya tambayi likitar, ta yi murmushi ta ce, "Kawu, tawada ce kawai." Tawada kawai! Ita da ba ta ga wuƙar ba. Idan rubutun ya kore hasken, shi ke nan an bar shi da daji da baƙuwar ƙwaya a ciki ɗaya.

Tsarin kuma sharaɗinsa guda: kada ya taɓa bi ta ƙarƙashin zanin mace. Shekara arba'in matarsa Lamduwan tana shanya can bayan rumbun shinkafa saboda shi.

Laraba da hantsi ya same ta tana wanki.

"Lamduwan, ɗaura igiya a bakin ƙofa. Ki shanya zaninki a kai."

Ta ɗago, hannu duk kumfa. "Tsoho, ciwon ya hau kai ne? Kai da ka yi kwana uku ba ka kula ni ba don iska ta kaɗo maka ɗankwalina?"

"Ki shanya, na ce."

Sai ta ga da gaske yake. Ta bar tsiyar. Ta ɗaura igiyar, ta shanya jiƙaƙƙen zanin a kai, ta koma gefe.

Tongsuk ya daɗe a tsaye. Tsoro yake ji, irin wanda bai sani ba tun yana yaro. Ya sunkuya ya wuce, ruwan zanin ya ɗiga masa a ƙeya.

"Miƙo wuƙar kifi."

"Ba zan miƙo ba!"

Ya ɗauko da kansa, ya ɗaga riga, ya ɗan ja bakinta a tsakiyar rubutun. Jini ya tsatso, ya gangara zuwa ƙugu.

"Ya karye," in ji shi. "Gobe hasken zai shiga."

Lamduwan ta fizgo zanin daga igiya ta danne masa wurin, tana kuka tana zaginsa. Ya riƙe hannunta gam.

"Lamduwan," ya ce a hankali, "yanzu fa komai ma zai iya shiga."